Mashin ɗin Baba Ɗangiwa

Duk wanda ya taɓa hawa mashin a Kebbe ya san Ɗangiwa bakanike. Tun zamanin da babura ba su yi yawa a garin ba, shi ne ke zaune a gindin dogon-yaron bakin kasuwa da kwanon fetur da tsummansa, ana turo masa matattun mashina yana tayar da su. Yanzu tsufa ya zaunar da shi gida. Rumfar ta koma hannun Atiku, wanda aka kawo masa koyon aiki tun tsayinsa bai wuce tankin mashin ba. Ɗan Ɗangiwa na cikinsa kuwa, Shafi'u, yana Tambuwal da nasa garejin a bakin titin da ke wucewa Jega.

Shafi'u ɗan fari ne, gidan Ɗangiwa kuma gida ne mai kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Da "kai" ake kiransa, ko "wancan yaro", da ya yi ƙaura kuma ya zama "Na Tambuwal". Ya san al'ada ce, ya san ba ƙiyayya ba ce, amma sani daban, abin da zuciya ke ji daban. Tare suka koyi aiki da Atiku, a kwano ɗaya suke cin tuwo. In Shafi'u ya haɗa inji sukutum ya tashe shi, sai tsohon ya saurara, ya gyaɗa kai, ya juya ga wani abu. In Atiku ya ɗaure noti ɗaya daidai, sai ka ji, "Atiku! Allah shi yi ma albarka." Wannan "Atiku! Atiku!" ce ta kore shi daga Kebbe, ko da yake abin da ya gaya wa mutane shi ne Tambuwal ta fi kasuwa.

A Tambuwal ɗin ya yi suna. 'Yan kabu-kabu daga Sanyinna ma wurinsa suke kawo abin da ya gagari wasu. Sai dai labarin bai taɓa dawo masa ta bakin da yake so ya ji ba.

Da kaka ta yi, aka fara yankan gero, ya zo gida ganin iyaye, bayan ya daɗe bai leƙo ba. Tun daga bakin zaure warin fetur ya tarye shi. Tsohon mashin ɗin ubansa na jingine da bango, ja ne a da, yanzu rana ta cinye jan. A ƙarƙashin injin yashi ya jiƙe ya yi baƙi.

Ɗangiwa na zaune kan buzu a cikin zauren. Sai da Shafi'u ya yi sallama sau biyu kafin ya ɗago, ya miƙo hannu can gefe kaɗan da inda Shafi'u ya durƙusa, idonsa a kan bango. Shafi'u bai kawo komai a ransa ba. Ai dama tsohon bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba.

Suna gama gaisawa ya matsa wurin mashin, ya sa yatsa a bakin siririn tiyon da ke ƙasan kafireto. Mai na ɗiga.

"Baba, wanga ai obafulo shika yi, mai ya cika kafireto shina tumbatsa. Bari in ɗauko sukudireba."

"Bar shi," in ji Ɗangiwa. "Atiku shina zuwa da safe."

"Aikin ba shi da yawa, Baba."

"Na ce ka bar shi. Shi ya san ciwonai."

Shafi'u ya goge yatsansa a jikin wando, ya shige cikin gida wurin mahaifiyarsa Marka. Ta kawo masa fura mai sanyi, ya sha, bai ji daɗinta ba.

Da hantsi Atiku ya iso, da jakar kayan aiki a kafaɗa da ƙunshin ƙosai a hannu. Ya yi ƙiba, gemunsa ya cika, amma har yanzu yana nan da wannan dariya tasa mai sauƙin fitowa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Fuskar tsohon ta washe nan take. Atiku ya miƙe ya rungumi Shafi'u yana "Yaya, sannu da hanya," Shafi'u ya amsa da baki kawai.

Sannan aka shiga abin da Shafi'u ya kasa gane kansa. Atiku ya kwance kofin kafireto, ya hura nan, ya goge can, ya mayar. Ya buɗe mai, ya hau ya yi ta bugun mashin har gumi ya keto masa. Da ƙyar injin ya kama. Ya yi sama da ƙara kamar an matse akuya, ya sauko kamar zai mutu, ya sake hawa, baƙin hayaƙi na fita ta salansa, ya yi tari ya ɗauke. Fetur ya ci gaba da ɗiga a yashi.

Atiku ya girgiza kai. "Baba, har yanzu shina nan da halinai. Silo ba ya tsayawa, in an saki totur sai shi mutu, ga mai shina zuba. Sai dai mu jira a samo kafireto irin nashi daga Sakkwato. Na sake aikawa."

"To, Allah shi kawo," in ji tsohon. "In kai ka kasa, Atiku, ba mai iyawa cikin ƙasar ga."

Shafi'u na tsaye a bakin ƙofa. Ya ji maganar ta shige shi kamar ƙaya a tafin ƙafa. Mutum ya yi wasa da kofin kafireto, ko allurar mai bai duba ba, ko fulogi bai cire ba, a ce in ya kasa ba mai iyawa? Shi da ke gyara irin wannan kafin shayinsa ya huce?

Da Atiku zai tafi, ya ja hannun rigar Shafi'u ya rage murya. "Yaya, in ka samu sarari ka biyo rumfa. Akwai maganar da nika so mu yi."

"Ina da aiki," in ji Shafi'u, ya zame rigarsa.

Bayan azahar tsohon ya shiga ɗaki ya kwanta. Marka ta tafi maƙwabta barkar haihuwa. Shafi'u ya tura mashin ya fitar da shi inuwar bayan zaure, ya shimfiɗa buhu, ya zazzage kayan aikin da ba ya rabuwa da su.

Ya fara da fulogi. Baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da mai. Ya wanke shi ya kankare ya ajiye a rana. Ya rufe makullin mai, ya zare tiyo, ya kwance kafireto gaba ɗaya ya ɗora a cinya. A cikin kofinsa akwai wata 'yar roba mai iyo a kan fetur. In mai ya cika kofin sai ta taso ta tura allura ta toshe hanyar, kada wani ya ƙara shigowa. Ya girgiza robar kusa da kunnensa ko ta huje ta sha mai. Lafiyarta ƙalau. Ya duba kan allurar, ba ta cinye ba, ba datti a mazauninta. To me ke hana ta rufewa?

Sai ya juya robar ya ga ɗan harshen ƙarfen da ke tura allurar. A lanƙwashe yake. Ko mai ya cika kofi ya tumbatsa, allurar ba za ta kai ga rufewa ba. A jikin harshen kuma ga shatar haƙoran filaya, sabuwa tana ƙyalli.

Shafi'u ya yi dariya shi kaɗai, dariyar da ba daɗi a cikinta. Ashe gwanin Baba ne ya taɓa ya ɓata! Ya ɗauki filaya ya miƙar da harshen a hankali, yana gwadawa yana hura iska ta bakin tiyo, har ya ji allurar na toshewa daidai inda ya kamata. Ya kwance jet ɗin, 'yan ƙarafan da mai ke bi ta cikinsu, ya ɗaga su sama ya hango rana ta cikin hujinsu, ya wanke komai da fetur ya haɗa.

Bugu ɗaya mashin ya tashi. Mai ya daina zuba. Amma ƙarar ba ta zauna ba, tana hawa tana sauka kamar numfashin mai zazzaɓi. Ya tsuguna ya kasa kunne. Wannan ba aikin mai ba ne, iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Ya tsoma yatsa a fetur ya ɗiɗɗiga a kan wuyan robar da ke haɗa kafireto da inji. Nan take ƙarar ta canza. Ya taɓa zoben ƙarfen da ke matse wuyan, ya ji yana juyawa a hannunsa sakaka. Ya matse shi. Ya koma kan sukurun iska, ya tarar an warware shi fiye da kima, ya mayar da shi ciki yana saurare, kaɗan-kaɗan, har injin ya kwantar da murya ya shiga bugawa daidai, a natse, ba gaggawa.

Ya saki totur ya miƙe tsaye ya harɗe hannu. Mashin na ta silo shi kaɗai.

Bai ji fitowar tsohon ba, sai ganinsa ya yi a bakin zaure, hannu ɗaya a jikin bango. Ɗangiwa ya tako a hankali ya ɗora tafinsa a kan tanki. Ya daɗe a haka yana sauraro.

"Wa ya taɓa shi?"

"Ni na, Baba. Ba kafireto shika so ba. Wani ya sa filaya ya lanƙwashe harshen roba, ya bar wuya a sake. Aikin wanda bai san aiki ba na."

Ya jira. Ya jira ko da gyaɗa kan nan na da. Tsohon ya janye hannunsa daga tankin, ya ce, "To." Ya juya ya koma ciki.

Da la'asar sakaliya Marka ta dawo. Tun a hanya yara sun gaya mata mashin ɗin Baba ya tashi. Ko mayafi ba ta cire ba ta kira shi bayan rumbu.

"Kai, mi ka aikata?"

"Gyara na yi, Inna."

"Wa ya sa ka?" Ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba. "Babanku ba ya gani. Yanar ido ta rufe mai gani tun bara. Da rana tsaka in haske ya doke shi, ko raƙumi ba ya rarrabewa da bishiya. Ya hana a faɗi. Kafin damina ya shiga cikin tumakin mutane da mashin ɗin ga, Allah ya tsare. Ni da Atiku munka zauna munka yi shawara. In an karɓe makulli ya ce an raina shi. Shi ya sa yaron ga ke zuwa shina ɓata mashin ɗin da gangan, shina yi kamar gyara. Ga Ɗanmaliki kwance Fakku ba lafiya, kullum maganar babanku ke nan sai ya je ya gano aminin nashi. Abin da ya riƙe shi gida ke nan kai ka kwance."

Da a ce wani ne ya shirya dabarar, da Shafi'u ya ji tsoro nan take. Amma abin da ya fara shiga kunnensa shi ne "ni da Atiku". An yi shawara kan idon ubansa, an kira Atiku, shi yana Tambuwal ba wanda ya ɗaga waya.

"Ni ba a gaya min ba sai bare?"

"Atiku ba bare ba na. Kuma sau nawa ka zo bana?"

"Inna, Atiku ya kasa gyara na, ya samu abin fakewa. Na ga Baba ya fito da ƙafarshi har inda mashin yake, ba wanda ya ja shi."

"Ƙara ya bi. Don Allah ka mayar da shi yadda ka same shi."

"In ɓata aikin da na yi da hannuna? Fakku ce? Gobe ni zan kai shi."

Bayan magariba ya sami tsohon a zaure ya ce gobe zai goya shi su je su gano Baba Ɗanmaliki. Ɗangiwa ya yi tsaki.

"Ni da na koya ma rabin garin ga hawan mashin, a goya ni kamar buhun gero?"

Shafi'u ya tsaya kusa da mashin, hannunsa har ya kai kan wayar fulogi. Zare ta kawai zai yi ya sa aljihu. Sai ya tuna fuskar Atiku da safe, yana girgiza kai yana "har yanzu shina nan da halinai", ya ji ba zai iya zama abokin wannan wasa ba. Kuma can ƙasan ransa yana so gari ya waye mashin ɗin ya tashi da bugu ɗaya, Kebbe ta ji. Ya janye hannunsa.

Da safe bayan an fito masallaci, abokan ƙuruciya suka tsare shi a teburin mai shayi. Ana cikin hira rana ta ɗago. Sai ya ji ƙarar inji daga wajen gidansu, mai tsabta, ba tari ba gargada, ta sa giya ta miƙe. Ya gane ta. Abin kunyar da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, daɗi ya fara ji. Sai da ƙarar ta yi nisa sannan ya tuna idon tsohon. Ya ajiye kofi ya ruga gida.

Marka na tsaye a ƙofar zaure, hanya kawai ta nuna masa. Ya ja nasa mashin ya bi hanyar Fakku.

Hanya ce ta jar ƙasa, damina ta gama cinta. Gonaki dama da hagu, mutane na ɗaurin gero. Bai yi nisa sosai da gari ba ya hango taro a inda ruwa ya zaizaye rabin hanya kusa da wani kwalbati. Wanda ke gani zai kauce ya bi gefen hagu. Shatar taya ta nuna tsohon miƙewa ya yi sak.

Jan mashin na kwance cikin ramin, ƙafar gaba ta karkace. Ɗangiwa na gefe a ƙasa, hularsa ta faɗi, goshinsa na jini. Kansa kuwa a kan cinyar Atiku yake. Rumfar Atiku ta bakin kasuwa na kan hanyar fita gari, ya ga wucewar tsohon, ya jefar da sifana ya bi shi yana kira, bai cim masa ba sai da ya faɗa.

"Atiku," tsohon ke cewa, "ƙafata. Atiku, kada ka bari su ja ta."

"Ina nan, Baba. Ba mai taɓa ta."

Shafi'u ya sauko ramin ya tsaya. Bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ubansa ne kwance, kuma duk wurin da ya kamata ɗa ya zauna an riga an zauna. Atiku ya ɗago ya gan shi. Ba tuhuma a idonsa, ko kaɗan, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

"Yaya, cire rawanin wancan bawan Allah mu ɗaure ƙafar da karan dawa. Kai ka riƙe ta, hannunka ya fi nawa tsayawa."

Ya yi yadda aka ce. Wani manomi ya sauke dammunan geronsa daga amalanken shanu, aka shimfiɗa tsohon a kai. Shafi'u ya bi amalanken a ƙasa riƙe da ƙafar har cikin gari, duk ramin da aka faɗa sai ya ji nishin ubansa ya ratsa shi.

Ƙashin ƙauri ne ya karye. Aka wanke goshin aka ɗinke a asibiti, maɗori ya zo gida ya yi ɗori. Gidan ya cika da masu sannu. Kowa ya shigo sai ya ce, "Allah shi saka ma Atiku, da bai bi shi ba, da wa ya san abin da za a tarar." Wasu kuma su tambaya, "Wai ba an ce mashin ɗin ya lalace ba? Wa ya tashe shi?" Marka ta ce ƙaddara ce, ta kawar da zancen.

Da mutane suka ragu, Shafi'u ya tare Atiku a bakin rijiya.

"Da ka gaya min tun farko, da duk haka ba ta faru ba."

"Na ce ka biyo rumfa, Yaya."

"Tun bara nika nufi. Ubana na. Lambata tana wayarka."

Atiku ya sunkuyar da kai yana wanke jinin da ya bushe a hannun rigarsa. "Baba ya ce in na gaya ma, bai yafe ba. Ya ce kana da iyali da aiki, kada a ɗaga ma hankali. Ni tsakani na tsaya, ban san wanda zan saɓa ma ba."

Shafi'u ya so ya sami abin da zai kama a cikin maganar ya yi faɗa, bai samu ba. Ya bar wurin.

Washegari da hantsi ya ɗauko kunu daga hannun Marka zai kai ɗakin tsohon. A bakin asabari ya ji murya, ya tsaya. Atiku ne a ciki, yana neman gafara.

"Baba, akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka kan mashin ɗin ga."

Tsohon ya yi 'yar dariya, ciwo ya katse ta. "Harshen roba? Atiku, ni na koya ma buɗe kafireto. Ido na rasa, ba kunne ba. Ran da ka fara taɓa shi na san abin da ka yi."

"To, Baba, mi ya sa ba ka yi magana ba?"

"In ce mi? In mutane sun tambaya don mi Ɗangiwa bai fita, sai in ce mashin ya lalace. Ya fi in ce na makance. Ɗanmaliki ya aiko, na ce mashin. Kowa ya aiko, na ce mashin. Da Na Tambuwal ya tashe shi, unguwa duk ta ji. Mi ya rage in faɗi? Sai na hau."

"Allah shi kiyaye gaba."

"Amin. Amma ka ji silon nan? Tun mashin ɗin ga shina sabo bai yi irinai ba. Kada ka gaya mai."

Shafi'u na tsaye, kwanon kunu na ƙona masa yatsu. Yabon da ya yi shekaru yana nema ga shi ya zo, amma a kunnen Atiku aka zuba shi, kamar sauran asiran gidan. Ya rasa ko murna zai yi ko kuka. Ya koma da baya ya miƙa wa Marka kwanon ya ce ta kai da kanta.

Bai koma Tambuwal ba sai da ɗori ya kama. Shi ke ɗaga tsohon, shi ke kai masa ruwan alwala, shi ke juya shi in ya gaji da kwanciya. Ɗangiwa na karɓar hidimar shiru, fuska a bango. In Atiku ya shigo da yamma kuwa sai hira ta ɓarke, a yi ta labarin mashinan da da masu su. Shafi'u ya kan fita ya zauna a zaure har sai ya tafi. A cikin kwanakin nan ne aka aiko daga Fakku cewa Ɗanmaliki ya rasu. Tsohon ya ja bargo ya rufe fuskarsa, ranar bai ci komai ba.

Jan mashin kuwa Shafi'u ya ɗora shi a mota ya tafi da shi Tambuwal. Ya miƙe ƙafar gaban, ya jingine shi a bayan gareji ya lulluɓe da buhu. Masu saye sun taya, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Da ƙafa ta warke har tsohon ya fara takawa da sanda, Shafi'u ya zo da maganar aikin ido. Ya riga ya bincika, ya ji ana cire yanar ido a Sakkwato. Ɗangiwa ya ƙi, Marka ta yi magana ya ƙi. Sai da Atiku ya sa baki sannan ya yarda, kuma Shafi'u ya haɗiye wannan ma. Da aka zo tafiya Atiku ya ce zai rufe rumfa ya raka su.

"A'a," in ji Shafi'u. "Wannan ni zan yi."

Atiku ya dube shi, ya ce, "To, Yaya. Allah shi ba da sa'a."

Su biyu suka tafi. A mota ba su yi wata magana ba in ban da "ka sha ruwa" da "na ƙoshi". Aka yi aiki a ido ɗaya, aka ce ɗayan sai gaba. Da safe ma'aikaciyar jinya ta zo ta warware bandeji. Tsohon ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa ya juya shi. Sannan ya juyo ya dubi mutumin da ke tsaye a gefen gado, ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe har ka yi furfura," in ji shi.

"Ta fara, Baba."

Ɗangiwa ya kawar da kai da sauri, kamar an kama shi da laifi. Ya laluba aljihun rigarsa bai sami waya ba.

"Kira min Atiku, in gaya mai na gani."

Shafi'u ya ciro tasa wayar ya nemo lambar. Da ta shiga ya sa wa tsohon a hannu, ya gyara masa matashi a baya. Ya ɗauki flas ya fita neman ruwan zafi, yana jin muryar ubansa na tashi da dariya a bayansa har ya kai ƙarshen baranda.